Ƙoƙon Tsohuwa a Gangaren Majema

Idan ka shiga Gangaren Majema, can ƙasan garin Funtuwa, ka ce Rahab Tanimu kake nema, sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ka ce Rahab mai randa, ko ɗan acaɓan da ya zo garin jiya zai kai ka har ƙofa. Ɗan ɗakin shan magani ne mai koren fenti, da bishiyar bedi a gabansa. A gindin bishiyar akwai wata tiƙeƙiyar randa da aka dasa cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwanta sanyi ƙalau ko a tsakiyar bazara. Moɗa ɗaya ce a kanta, da ita kowa ke sha, liman da fasto, majemi da direba. Sai dai fa ka ɗauraye in ka gama, in ba haka ba ka ji bakin mai wurin. Sama kaɗan, a jikin reshe, an rataye wani tsohon ƙoƙo da ya sha ɗinki har ya gode Allah. Shi wannan ba a shan ruwa da shi, ba a ma taɓa shi.

Ita Rahab ɗin gajeruwa ce, baƙa, ga dariya mai tashin kaji, ga saurin hawa. In ta yi wa ƙaton namiji allura ya yi raki, sai ta bi shi da tsiya har bakin titi. Mutanen unguwar sun saba, har suna cewa ranar da ba ta yi wa kowa faɗa ba, to a duba lafiyarta. Wanda ya ga yadda take faɗawa gidajen nan, ta buɗe tukunyar miya ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa, zai rantse nan aka binne cibiyarta. Ina! An yi lokacin da ko sunan unguwar aka ambata sai tsoro ya kama ta.

An haife ta a wani ɗan ƙauye kusa da Ƙarfi, ta wajen Malumfashi. Mahaifinta Tanimu manomi ne, masara da waken suya da ɗan auduga, ran Lahadi kuma shi ke buga ƙararrawar cocinsu. Mahaifiyarta Laraba daddawa take yi. Amma mai iko da gidan ba ɗayansu ba ne, uwar Tanimu ce, Tsohuwa. Sunanta ke nan tun haihuwa, ba tsufa ne ya ba ta ba: tun ba ta da haƙori ake kiranta Tsohuwa, ta yi haƙoran, har suka zube. Da 'yan mishan suka zo ɗanta ya bi su, ita cewa ta yi ya gaida mata su. Ba ta shiga coci, ba ta shiga masallaci. Abin da ta tarar iyayenta na yi a gindin tsamiyar bayan gari shi ta riƙe, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kai ba.

Tsohuwa tana da labari guda da jikokinta suka haddace don yawan maimaitawa, galibi in an zauna ɓarar gyaɗa. Wai tana da ƙuruciya ta tsinto 'ya'yan bagaruwa ta cika buhu, ta kai Funtuwa, tunda da su majema ke jeme fata. Ta sayar a Gangaren Majema, rana ta take, ƙishi ya kama ta, ta leƙa wani gida ta roƙi ruwa. Matar gidan ta dubi shigarta ta gane Bamagujiya ce. Sai ta wuce moɗar da ke kan randa, ta zagaya bayan ɗaki ta ɗauko sakainar da kaji ke shan ruwa, ta zuba mata. Tsohuwa ta sha, don maƙogwaronta ya bushe ƙayau. Tana juya baya ta ji ƙwas! An wurga sakainar kan juji.

"Ba sakainar ce ta yi mini ciwo ba," haka take cewa kullum, "ƙarar nan ce. Har yau tana cikin kunnena."

Daga ranar ta kafa doka. Duk ɗan gidanta da zai shiga birni, da ƙoƙonsa zai tafi. Kada ya roƙi ruwa, in an ba shi kada ya sa baki a moɗar kowa. Ita kanta ta fafe nata, ta goge shi sumul, ko kasuwar Malumfashi za ta yana ɗaure a bakin zanenta.

Da Rahab ta gama sakandare ta sami shiga wata makarantar koyon aikin lafiya a Funtuwa, gida ya cika da murna. Laraba ta ɗaure mata daddawa da ƙuli-ƙuli, Tanimu ya yi mata addu'a doguwa har cinyoyinta suka yi tsami a durƙushe. Tsohuwa kuwa kwance bakin zane ta yi, ta miƙo mata ƙoƙon.

"Haba Kaka," in ji Rahab, "makaranta fa zan je, ba tallan fura ba."

"Karɓi, ja'ira. Ni na daina yawo, ke yanzu kika fara. Mutanen birni za su yi miki dariya da baki, amma ki riƙa kallon hannunsu in kin ajiye kofi."

Rahab ta karɓa don kada a yi rigima, ta cusa shi can ƙasan akwati. Wa zai fito da ƙoƙo a gaban 'yan matan birni? Ta sayi gorar roba mai shuɗin murfi ta maye gurbinsa. Ƙoƙon ya kwanta a akwati, amma maganar kakarta ba ta kwanta ba, tana nan daram a ƙirjinta. Gaskiya a makaranta ba ta ga komai ba. Da ƙawayenta Musulmi kwano ɗaya suke cin garau-garau, har su yi kokawar ƙanzo. Sai ta ce a ranta ai waɗannan 'yan boko ne, cikin tsofaffin unguwanni nan ne ake yin ta. Ga shi su kansu ƙawayen ba su da maganar alheri a kan Gangaren Majema. Wannan ta ce wari kawai ya isa ya sumar da mutum. Waccan ta ce samarinsu ƙauraye ne, kowa da wuƙa a hannu da rana tsaka. Wata ta rantse an fizge wa ƙanwar maƙwabciyar gwaggonta waya a can. Ko ɗaya a cikinsu ba ta taɓa taka unguwar ba, amma kowacce ta fi mai unguwa sanin ta.

A shekararta ta biyu damina ta yi ƙarfi, magudanai suka toshe, aka fara jin amai da gudawa a wasu unguwanni. Ɗalibai suna da ƙungiyar aikin sa kai, shugabanta wani dogon saurayi ne ɗan Matazu, Aƙilu, wanda in ya fara jawabi sai an ja masa riga. Aka shirya duk Asabar a fita: maza su yashe magudanai, mata su shiga gidaje, tunda namiji baƙo ba ya shiga, su jefa ƙwayar tsabtace ruwa a randa, su nuna wa matan gida yadda ake yi. Aka yi ta rabon unguwanni lafiya lau. Ana zuwa kan Gangaren Majema, kowace mace ta sami abin dubawa a farcenta.

To, bakin Rahab ba ya barinta ta zauna lafiya. Daga can baya ta ɗaga murya ta ce, "Shugaba, kai ma muryarka rawa take. Ko tsoron wuƙa ne?"

Aka fashe da dariya. Aƙilu ya gyara hula ya ce, "Ni zan je da maza. Mace ɗaya muke nema. Tunda Allah ya ba mu jaruma, Rahab, bismillah."

Haka ta jawo wa kanta. Ta so ta ce wasa take, girman kai ya hana.

Ranar farko ta bar wayarta a ɗaki, ta yafa babban gyale, ta cika gorarta maƙil. Warin kam ba ƙarya aka yi ba, tun daga bakin gangare ya tare su kamar mai karɓar baƙi. Wuƙaƙen ma gaskiya ne. Ga samari nan jere a inuwa, kowa da doguwar wuƙa mai mariƙi biyu, sai dai fata suke karta a kan gungume, gumi na zuba. Da suka hango ɗalibai da shebur, suka ajiye aikin suka yi musu sannu da zuwa. Kafin Aƙilu ya gama jawabinsa, wani ya karɓe shebur ɗin hannunsa ya faɗa magudana, wai ɗan boko zai ɓata wando.

Rahab ta yi sallama a gidan farko. Aka amsa, aka shimfiɗa mata tabarma, matar gidan ta ɗebo ruwa a moɗa ta durƙusa ta miƙo. Nan Rahab ta ji ƙwas ɗin nan a kunnenta kamar ita aka yi wa. Ta yi murmushi, ta ɗaga gorarta ta ce, "Na gode, ina da nawa." Ta tashi ta jefa ƙwaya a randa, ta yi bayani, ta fito. Gida na biyu haka, na uku haka. A ranta har yabon kanta take yi, wai ta yi dabara: ta hutar da su asarar moɗa, ta hutar da kanta jin ƙarar. In an ba ta dafaffiyar gyaɗa a leda ko gasasshiyar masara, wannan tana karɓa hannu biyu, tunda ba mazubin da za a jefar.

Abin da ya ba ta haushi shi ne unguwar ta fara shiga ranta ba da izininta ba. Matan akwai barkwanci, tsakar gidajensu a share tas, fatu ja da rawaya a shanye a kan igiya gwanin sha'awa. Warin ma hancinta ya saba har ta daina jin sa. Ta kan koma makaranta ta ce wa ƙawayenta, "Ku dai kun cika sharri, mutanen nan ba ruwansu." Amma gorar ba ta bar hannunta ba.

Sai abubuwa suka fara canzawa. Gidan da ake yi mata shimfiɗa, yanzu a tsaye ake amsa mata. Wani gidan a ce masu gidan barci suke, alhali tana jiyo daka. Wata Asabar ta fito daga wani gida, ta tuna ta bar murfin robar ƙwayoyinta, ta koma. Me za ta gani? Randar da ta sa wa magani yanzu-yanzu an tuntsurar da ita, ruwan na bin magudana.

Ranar da yamma Aƙilu ya kira ta gefe, yau babu jawabi. Ya ce mai unguwa, Malam Haladu, ya tare shi da maganar matan: sun ce kada yarinyar nan ta ƙara shigar musu gida. Ruwan da take sa wa magani duk zubarwa suke yi. Wata macen da za ta maye gurbinta babu, ga cutar ta iso unguwar da ke maƙwabtaka da su. In an rufe wa Rahab ƙofa, aikin cikin gidaje ya mutu ke nan.

"Ai na sani!" in ji Rahab, idanunta sun kawo ruwa don takaici. "Kaka ta faɗa mini. Sun gano ni Kirista ce, shi ke nan hannuna ya zama ƙazanta."

"Wallahi ban san dalili ba," in ji Aƙilu. "Shi ma mai unguwa bai sani ba. Ya ce maganar mata ce, in ana son jin tushenta a tambayi Inna Hansai."

Rahab ta san ta. Wata dattijuwa ce da mijinta majemi ya rasu, tana dakan bagaruwa tana sayar wa masu jima. Ba ta da sarauta, amma in ta ce a'a, babu matar da za ta ce i a Gangaren Majema. Da wata yarinyar ce, da ta tattara ta haƙura. Rahab kuwa zuciya ce ta ɗebe ta. Ta ce in korar ta za a yi, sai an faɗa mata dalili ido da ido, ta sami abin kai wa kakarta.

Da hantsi ta yi sallama. Inna Hansai na bakin turmi, ga mata sun taru ana hira, suna ganin ta hirar ta mutu. Ba tabarma, ba ruwa. Rahab ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inna, an ce kun ce kada in sake shigowa. Na zo in ji laifina."

Inna Hansai ta jingine taɓarya, ta kakkaɓe hannu. "Madalla da kika zo da ƙafarki. 'Yar nan, tambaya ɗaya zan yi miki. Abin nan da kike jefa mana a randa, ke kin taɓa sha?"

Inna Hansai ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Gida nawa kika shiga a unguwar nan? Ko'ina an ba ki ruwa. Ko'ina sai ki ɗaga mana wannan gorar kamar mai korar aljanu. To matan nan sun kasu biyu a kanki. Wasu sun ce maganin ne ba na Allah da Annabi ba, irin mai hana haihuwa ne, shi ya sa mai zubawa ba ta sha. Wasu sun ce a'a, ƙyamarmu kike yi. Mu majema mun saba, mutum ya zo wucewa ya toshe hanci, da takalmin fatarmu a ƙafarsa. Amma a shigo har tsakar gidanmu, a zauna a tabarmarmu, a ƙi ruwanmu? Wannan ke kika fara."

"Ni?" Rahab ta dafe ƙirji. "Ni ce ke ƙyamar ku? Inna, ni fa Kirista ce. Kakata ma Bamagujiya ce."

"Yo wa bai sani ba?" wata mai goyo ta cafe daga gefe. "Sunanki Rahab, ga gicciyen wuyanki na leƙowa ta ƙasan gyale tun ranar farko. Makafi kika ɗauke mu?"

Aka ɗan yi dariya, ban da Rahab. Sai kawai ta zauna daɓas a ƙasa ta ba su labarin Tsohuwa, da buhun bagaruwa, da sakainar kaji, da ƙarar da ta biyo baya. Ta ce a nan unguwar aka yi. Ta ce ita duk zatonta in ta sa baki a moɗarsu, tana fita za a jefar, shi ya sa take hutar da kowa.

Rahab ta zaci za a ce ƙarya ne, ko a ce ba a nan ba ne. Inna Hansai ta dubi cikin turmi.

"An yi haka," ta ce a hankali. "Ina yarinya na ga an yi da idona, ba sau ɗaya ba. Ko yau ba zan rantse miki babu mai yi ba. Kakarki ba ta yi ƙarya ba, Allah ya ba ta haƙuri. Amma ke, 'yar nan, kin gwada mu? Kin zo da hukuncinki a gora tun daga gida."

Maganar ta soki Rahab, don gaskiya ce. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta miƙe, ta je gaban randar Inna Hansai, ta ciro ƙwaya ta ɗaga kowa ya gani, ta jefa. Ta ce, "Sai an ɗan jira kafin a sha. In ya yi, a ba ni."

Jiran nan ya fi komai tsawo a rayuwarta. Zama ya gagare ta, ta fizgi taɓaryar da ke jingine ta hau dakan bagaruwa. 'Yar manoma ce, tun tana ƙarama take surfe, nan da nan turmi ya ɗauki amo. Mai goyon nan ta kasa haƙuri ta ɗauko tata taɓaryar, suka shiga lugude, har da jefa taɓarya sama a tafa. Mata na ta shigowa daga maƙwabta, wai an ce malamar asibiti na daka a gidan Hansai.

Da lokaci ya yi, Inna Hansai ta buɗe randa da kanta. Ta ɗauki moɗar da ke kai, wadda kowa na gidan ke sha da ita, ta cika ta, ta miƙo. Rahab ta karɓa, ta kafa kai ta sha fiye da rabi, ta mayar. Ba fuskar tsohuwar take kallo ba, hannunta take kallo, kamar yadda aka koya mata.

Hannun ya ɗaga moɗar ya kai baki. Inna Hansai ta shanye ragowar tas, ta yamutsa fuska ta ce, "Kai! Abin naku warin asibiti yake yi." Ta sake ɗebowa ta miƙa wa mai goyo, ita ma ta sha ta miƙa wa ta kusa da ita. Da moɗar ta gama zagaye, aka kife ta a kan murfin randa, inda take tun farko.

Rahab ta tsaya tana sauraro. Ba ƙwas, ba komai. Sai ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya, ga garin bagaruwa a fuska, hawaye na yin hanya a ciki. Inna Hansai ta ce, "Af, ga mai bakin nan ashe raguwa ce," ta jawo ta ta share mata fuska da gefen zane.

Daga ranar wahala ta koma wata iri. Labari ya zagaye unguwa, kowane gida so suke a ce malama ta sha ruwansu. Ta sha nan, ta sha can, kafin azahar cikinta ya zama jarka, tana tafe yana ƙugi, ba abin da take tambaya sai hanyar bayan gida. Aƙilu ya samu abin tsokana har suka gama makaranta. Randuna dai suka daina tuntsurewa. Cutar ta leƙo unguwar, ta kwantar da wasu, amma ba ta yi ɓarnar da aka ji tsoro ba. Ba kuma za a ce kowa ya zama waliyyi ba. Akwai gida guda da aka ajiye mata wani kofi daban a kan katanga. Ta gani, ta gane, ta sha abinta, ta sa musu magani ta fito. Abin ya yi mata ciwo, sai dai wannan karon ta san gida ɗaya ne, ba unguwa ba.

Da ta gama karatu, mutanen unguwar ne da kansu suka gyara wani ɗaki suka shafa masa koren fenti, suka ce ba inda za ta. Ta auri Jonah, wani mai gyaran injin ban ruwa ɗan wajen Danja, mutum mai sanyi kamar an jiƙa shi, suka kama haya a lungun su Inna Hansai. Ran Lahadi su tafi coci, su dawo su tarar an kwashe musu shanya in hadari ya taso. Da Kirsimeti shinkafarta har gidan liman, da Sallah kuwa nama sai ta rasa inda za ta sa.

Abu ɗaya ya rage mata, kakarta. Duk zuwan da za ta yi gida sai ta ba Tsohuwa labarin moɗar Inna Hansai, ita kuwa sai ta taɓe baki ta ce, "Don kina sa farin kaya ne kina ba su magani. Ni da na je da buhu a kai na san abin da na gani." Rahab ta yi rantsuwa, ta yi fushi, ta yi lallashi, a banza.

Sai da Rahab ta haifi 'yarta ta fari sannan Tsohuwa ta ce za ta zo ta ga jinin nata, ko da a Gangaren Majema ne. Tanimu ya sako ta a mota, ta iso tana dogara sanda, ta ƙanƙance, idon nan dai ƙyar kamar na da. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ina ƙoƙona?" Rahab ta so ta ce ya ɓace, ta kasa. Ta tono shi daga ƙasan akwati ta ba ta, ta ɗaure a bakin zane.

Da la'asar Rahab ta kai ta gaida Inna Hansai, wadda ita ke yi mata wankan jego. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka gaisa, gaisuwar tsofaffi mai tsawo. Inna Hansai ta ɗebo ruwa a moɗar nan ta durƙusa ta miƙa. Tsohuwa ba ta karɓa ba. Ta kwance bakin zane a hankali, ta fito da ƙoƙon ta tara.

Rahab ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki za ta yi magana, Inna Hansai ta harare ta, ta yi gum. Inna Hansai ta juye ruwan cikin ƙoƙon. Tsohuwa ta sha, ta sauke, tana shirin zubar da ragowar.

"Yaya," in ji Inna Hansai, ta miƙa hannu, "kada ki zubar. Miƙo mini, ni ma ƙishi nake ji."

Tsohuwa ta dube ta, ta dubi ƙoƙon. Tunda ta fafe shi, bakin wani wanda ba jininta ba bai taɓa taɓa shi ba, ba kuma wanda ya taɓa roƙa. Ta miƙa kamar mai miƙa jariri. Inna Hansai ta kafa kai ta shanye, ta goge baki, ta juya ƙoƙon tana duba ɗinkin ta ce, "Wannan ɗinki na gefen nan hannun gwani ne. Ke kika yi?"

Tsohuwa ta yi ta kallon bakin ƙoƙon inda ya jiƙe. Can ta ce, "Ni na yi." Daga nan hira ta ɓarke, ta bagaruwar da da ta yanzu, da yadda 'yan matan zamani ba su iya daka ba, har Rahab ta gaji ta bar su.

Tsohuwa ta yi kwanakinta, ranar komawa Tanimu ya zo ɗaukarta. An sa ta a mota ke nan Rahab ta hango ƙoƙon a kan tabarma, ta ɗauko da gudu tana kira, "Kaka! Kaka, kin manta ƙoƙonki!"

Tsohuwa ta leƙo ta taga, ta dube shi, ta kau da kai.

"Ban manta ba, ja'ira. Bar shi nan. Na gaji da ɗaukarsa."